Waken da Angona Ya Shuka a Hanci

Litinin, 11 ga Maris 1996, da hantsi

Bismillahi. Malamar ajinmu na yaƙi da jahilci ta ce tunda an rufe aji saboda ciwon nan, kowace tsohuwa ta riƙa rubuta ko layi ɗaya kullum, kada hannu ya manta. Ni Saude ba a ce mini layi ɗaya. Na karɓe littafin lissafin jikata Hanatu, tunda su ma an rufe tasu makarantar, kuma dama ba komai a ciki sai jan biron malami.

Mu shida ne a gidan nan na Damba. Ni, da ɗana Bala direba, da matarsa Suwaiba, da Hanatu mai shekara takwas, da jaririya a goye, sai angona Mahadi ɗan shekara biyar, wanda ya aure ni tun yana cikin zanen goyo kuma har yau bai kawo ko goro ɗaya ba.

Rediyo na kiran ciwon da sunansa, sanƙarau. Na rubuta sau ɗaya ke nan, ba zan ƙara ba. Ba a kiran irin wannan baƙo da suna, kar ya ɗauka gayyata ce.

Bala ya kafa doka biyu. Ta farko, yaro ba ya wuce zaure. Ta biyu, ba mai zuwa asibiti ko da mi ya faru. Shi da ke jigila tsakanin Gusau da Tsafe ya ce ya ga abin da ya gani: an kafa tantuna ƙarƙashin dogon yaro, mutane kwance bisa tabarmi, ledar ƙarin ruwa rataye a reshe. “Mai lafiya ma in ya shiga can sai ya kwaso,” in ji shi.

Ni ma na kafa tawa. An ce alamar abin nan wuya ne ke ƙagewa, mutum ya kasa kai haɓa ƙirji. To, kowace safiya yara su jeru su gaida ni, kowa ya duƙar da kai sai haɓa ta taɓa ƙirji. Su a ganinsu ladabi nake koya musu. Mahadi ya ce, “Ina aka taɓa ganin miji na duƙa wa mata?” Na ce, “Mijin da bai kai lefe ba.” Ya duƙa. Ta taɓa. Alhamdu lillahi.

Talata, 12 ga Maris, bayan azahar

Yara sun ishe mu. Hanatu ta yi wa akuya kitso a gemu. Mahadi ya jefa takalmin ubansa cikin randa, wai kwalekwale. Sai na shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa na ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.”

Suwaiba ta fito daga madafa da muciya a hannu. “Inna! Tatsuniya da rana tsaka? Ba ku ne kuka ce mai yin ta da rana ɓata yake yi ba?”

Na ce, “Shekara goma sha biyar ina garin nan, ko ido rufe na san hanya. In na ɓata ku kai cigiya gidan rediyo: tsohuwa kyakkyawa, haƙori huɗu, biyu na motsi.”

Nan take na ƙirƙiro musu labarin Na-Kwance, malalacin da duniya ba ta taɓa ganin irinsa ba. Gona ta yi masa nisa, sai ya shuka wake a hancinsa. Duk alwala ya shaƙa masa ruwa. Wake ya tsiro, ya yi yaɗo, ya zagaye kunnuwa, ya hau hula. Yana kwance yana tsinka, matarsa na suyar ƙosai. Har ranar da awakin gari kaf suka bi shi masallacin Juma’a.

Hanatu ta yi dariya har da birgima. Mahadi bai yi ba. Ya ce, “Wane irin wake ne?”

“Irin nawa na cikin tulu, ɗan ƙauyenmu Bilbis. Shi ko bisa dutse fitowa yake.”

“Hancin dama ko na hagu?”

“Na dama mana. Na hagu ai na shan iska ne.”

Yaron nan akwai tambaya. Alƙali zai zama.

Alhamis, 14 ga Maris, da rana

Zafi. Har ƙadangaru sun bar katanga. Duka sun duƙa, duka ta taɓa.

Asabar, 16 ga Maris, da la’asar

Masu rigakafi sun zo ƙofar gidan mai unguwa da allurar nan ta bindiga, wadda ake dafa wa mutum a dantse a ji tas. Bala ya yarda da wannan tunda ba asibiti ba ne. An yi wa kowa har ni. Angona kuwa da ya ga bindiga sai ya cika wandonsa da iska. A bayan turken akuya muka same shi.

Na ce masa, “Ka zaɓa. Ko bindiga ɗaya a nan, ko a kai ka tantin asibiti. Can allurar kamar taɓarya take, kuma duk yaron da ya ce wani wuri na masa ciwo, can ake aje shi sai gemu ya fito masa.”

Da ƙafarsa ya je ya miƙa dantse. Wa ya ce tsohuwa ba ta da dabara?

A layi na haɗu da maƙwabciyarmu Khadija. Na ce ina ’yar autarki, ban gan ta ba? Ta ja ni gefe. Koko mai zafi ya zube wa yarinyar a ƙafa tun shekaranjiya. Na ce ba ku kai ta an duba ba? Ta zaro ido. “Inna, a wanga lokaci? In kai ta da ƙuna in dawo da wancan?” Ta ce ta fasa mata ɗanyen ƙwai ta ɗaure da tsumma. Mi zan ce, gidanmu ma dokar ke nan.

Litinin, 18 ga Maris, da hantsi

An taɓa mini tulu. Irin wakena ne a ciki, na gonar maigidana marigayi Malam ta Bilbis, na cakuɗa shi da toka saboda ƙwari na liƙe bakin da laka, ina jiran damina. Na iske lakar a fashe, toka a ƙasa. Na tara gida na yi shari’a. Hanatu ta ce ɓera. Suwaiba ta ce kaza. Na ce wannan ɓera da yatsu biyar Allah ya halicce shi, ga sawunsu a toka. Angona na can yana kallon sama kamar mai neman wata.

Na bar maganar. Mi yaro zai yi da ɗanyen wake, in ba dara ba?

Laraba, 20 ga Maris, bayan azahar

Mahadi na mura. Mura a wannan zafi! Kuma ta hanci ɗaya. Na ce, “Ango, kai komai naka rabi ne, har majina?” Bai rama ba. Kwana biyu ke nan bai zo ya kwashe mini ƙanzo ba. Na ce ko ya yi sabuwar amarya ne. Ya ce a’a, ya juya baya.

Ya duƙa da safe. Ta taɓa.

Juma’a, 22 ga Maris, da hantsi

Yau sau uku aka wuce ta ƙofar gida ana salati. Ban leƙa ba. Ɗaya a hannu aka riƙe shi, ba a makara ba, in ji Hanatu. Na hana ta leƙe.

Saƙon rasuwa ya zo wa Suwaiba daga gidansu a Bungudu. Ta shiga ɗaki. Ni na yi tuwo yau.

Lahadi, 24 ga Maris, da la’asar

Wari ke fita daga hancin yaron nan, har jaririya na kau da kai. Jikinsa da zafi, gefen fuska na dama ya ɗan tasa. Suwaiba ta tari Bala tun a zaure.

“Baban Mahadi, a kai shi a duba.”

“Ina?”

“Ka san ina.”

“Ke ba ki ga abin da na gani ba. Mura ce. Na sayo magani a kemis.”

Suka dubo ni su biyu. Ni kuwa na ce a tafaso ganyen dogon yaro a yi masa sirace. Muka lulluɓe shi da bargo bisa tukunya, yana ihu yana cewa, “Za ku dafa shi! Za ku dafa shi!” Na ce, “Wa za mu dafa? Kai ko nama ba ka da shi.” Muka yi ta dariya ni da Bala.

Suwaiba ba ta yi ba.

Litinin, 25 ga Maris, da safe

Bai duƙa ba.

Litinin ɗin dai, da azahar

Na lallashe shi, na yi masa alkawarin alawa, na yi masa tsawa. Ya riƙe kai sama ƙyam, hawaye na zuba. Bala ya fita tun asuba, sai Laraba zai dawo, ya samu lodin hatsi daga Tsafe. Suwaiba na zaune ta zuba mini ido.

Irin wannan watan ne. A Bilbis, kafin a haifi Bala. Ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa. Shi ma shekara biyar. Mu ma mun jira.

Biron nan ba ya rubutu da kyau yau.

Talata, 26 ga Maris, bayan la’asar

Ina tsince shinkafa Hanatu ta zo ta tsuguna, tana ta murza bakin zanenta.

“Inna, in mutum ya rantse ba zai faɗa ba, sai ya faɗa wa tsohuwa, akwai zunubi?”

“Tsohuwa ba mutum ba ce, bango ce. Faɗi.”

“Mahadi ya shuka.”

“Ya shuka mi?”

“Waken Na-Kwance. A na dama. Yau kwana tara. Kullum yana shaƙa masa ruwa wajen alwala. Wai zai ba ki ƙosai a matsayin lefe.”

Na ce to mi ya hana shi duƙawa?

“Ya ce in ya duƙa kansa sara yake, kuma kar shukar ta faɗo. Kuma ya ce kar a faɗa yana ciwo, ke kika ce ana aje mutum a tanti sai ya yi gemu.”

Shinkafar ta zube. Kaji sun gode.

Na fito da shi rana na leƙa. Can ciki ga abu fari-fari ya toshe hanya. Na ɗauko matsefata ta cire ƙaya. Taɓawa ɗaya ya ƙwala ƙara, jini ya biyo, abin ya ƙara shigewa. Na aje. Hannun da ba ya iya zura zare a allura ba shi zai shiga hancin jikana ba.

Na faɗa wa Suwaiba wake ne. Ban faɗa mata wa ya ba shi dabarar ba. Ita ma ba ta tambaya ba, don tana madafa ranar, kuma madafar ba ta da ƙofa.

Wake ne, in sha Allahu. Amma zazzaɓin fa? Amma wuyan fa?

Laraba, 27 ga Maris, bayan azahar

Bari in sha ruwa tukuna. To.

Da hantsi na ce wa Suwaiba, “Ke doka ta hau kanki, mijinki ne. Ni kuwa ni na yi masa wankan jego, ba shi ya yi mini ba. Ki zauna da jaririya. Miƙo majanyi.”

Na goya ango. Ya ce, “Ina za mu?” Na ce, “Yawon amarci.” Muka hau kabu-kabu, ina salati tun daga Damba har ƙofar asibiti. Yana ganin ƙofa ya gane, ya fara dukan bayana. “Gemu! Ba ni son gemu!” Masu sayar da lemo suka bi mu da kallo.

Na shiga. Na bi dama, na bi hagu, na bi wata baranda, na fito wajen wanki. Na koma, na sake fitowa wajen wankin. Ni Saude, mai sanin hanya ido rufe! Na zagaya ta bayan wani gini, sai ga ni tsaye a gaban tantunan.

Ba zan rubuta duka ba. Na dai ga wata uwa tana ba ɗanta kunu da cokali, yana sha. Na ga wani yaro zaune yana cin rake, da allurar ruwa a hannu. Waɗannan biyun Bala bai ba mu labarinsu ba.

Wani dattijo mai shara ya daka mini tsawa. “Hajiya, nan ba hanya ba ce! Wa kike nema?”

Na ce, “Ɓata na yi, Malam. Na yi tatsuniya da rana.”

Ya dube ni, ya dubi yaron, ya jingina tsintsiya ya ce in biyo shi. Ɗakin taimakon gaggawa na yara can wani gefe yake, da tasa ƙofar, nesa da tantuna. Benci huɗu dogaye a baranda. Ba kowa a kai sai wata mage tana barci.

Nas ɗin sunanta Sista Hafsatu, doguwa, idonta jawur don rashin barci. Kafin in buɗe baki ta taɓa goshinsa, ta sa hannu a ƙeyarsa. Na ce ba ya duƙawa. Na ji muryata ta zama ta wata. Ta ciro alawa daga aljihu, ta jefa masa cikin wuyan riga, ta ce, “In ka gano ta, taka ce.”

Malam, sai ga haɓa a ƙirji. Har yana tura hanci cikin riga.

Na zauna a ƙasa, bisa siminti, da girmana.

“Wuyansa lafiya lau, Inna,” in ji ta. “Mi ke cikin hancin?”

Mahadi ya ce, “Gonata ce.”

Na ba ta labari tun daga Na-Kwance. Ta riƙe baki, kafaɗunta na rawa, ta leƙa waje ta kira abokiyar aikinta wai ta zo ta ji. Da na kai wajen sirace sai dariyar ta tsaya. Ta ce ruwa da tururi su suka kumbura shi, wurin ya yi ruwa, shi ya kawo zazzaɓi. Da an ƙara kwanaki, ko ya zarce ciki ya shaƙe shi, ko ƙwayar ciwon ta hau sama. Ban tambaye ta ina ne sama ba.

Ta ɗiga masa magani a hanci, muka ɗan jira. Sannan ta ce, “Wace ce ke a wurinsa?”

Ya riga ni. “Matata ce.”

“Madalla. Amarya, aikinki ne. Zan toshe hancin hagu da yatsa. Ke ki haɗa bakinki da nasa ki hura da ƙarfi, sau ɗaya, kamar mai hura wutar ɗanyen icce.”

Mahadi ya ce, “Bakinta goro!”

Na ce, “Naka hancin fa, turare ne?”

Na hura. Shiru. Na sake. Shiru, sai haƙorina mai motsi da ya ƙara motsi. Na ce a raina, Ya Allah, bakin nan shi ya sa shi, ka sa bakin nan ya fitar. Na tara iskar shekara sittin da ’yan kai na hura. Sista ta ce, “Tsaya, ga shi!” Ta sa wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ta janyo.

Ya faɗo cikin tasa, ƙwal. Ya kumbura ya yi biyun kansa. Kuma wallahi tallahi, da ɗan farin tsiro a gefe kamar wutsiyar ɓera.

Mahadi ya leƙa, jini da majina na zuba, ya ce, “Kin gani! Ya fito! Da kun bari!”

Ɗan Bilbis ke nan. Na ce ko bisa dutse.

Tana rubuta magani na tambaye ta ina yaran gari, benci ba kowa? Ta aje biro. Ta ce kafin abin nan, kafin azahar sun ga yara talatin: mai ƙuna, mai karaya, wanda ya sha kananzir, mai shiɗewa. Yanzu sai su wuni da uku. “Kina zaton sun daina faɗowa daga bisa katanga ne, Inna? Suna gida. Ba a kawo su sai an ga ba yadda za a yi, lokacin mu ma ba yadda za mu yi.” Ta ce ko masu wancan ciwon, wanda aka kawo da wuri yawanci da ƙafarsa yake komawa.

Na roƙi waken. Ta naɗe mini a auduga.

Laraba ɗin dai, kafin magariba

Bala ya dawo. Tun daga tasha aka tare shi da labari, garin nan ba a ɓoye komai. Ya shigo ko sallama bai gama ba.

“Inna, da ya kwaso fa? Da kin kwaso fa? Ni mi na ce?”

Na miƙa masa kwalin ashana. Ya buɗe, ya ga wake da wutsiya. Ya dubi ɗansa da ke zaune yana cin tuwo hannu baka hannu ƙwarya.

Na ce, “Zauna, Bala. Kana da wa. Ka sani, amma ba ka san yadda aka yi ba. Kwana huɗu muna jiƙa masa saiwa a Bilbis, ubanka na cewa asibiti wurin mutuwa ne. Ran na biyar aka ɗora shi a jaki zuwa Tsafe. Ba mu kai ba. Tsoron da kake ji na san shi, na girme shi. Shi ya cinye mini ɗa, ba asibiti ba.”

Ya rufe kwalin. Can ya ce, “Wa ya ce masa ya sa wake a hanci?”

Suwaiba ta ce, “Ɓera ne. Mai haƙori huɗu.”

Alhamis, 28 ga Maris, da hantsi

Na kira Suwaiba ɗakina na ce ta yafe mini, labarina ne ya sa shi, kuma tsoratarwata ce ta sa ya ɓoye. Ta ce, “Haba Inna, ku da kuka goya shi.” Ta kai ƙofa ta juyo. “Amma an ce sau biyu kuka fita wajen wanki.”

Mahadi ne ya faɗa. Mijin da ba ya rufa wa matarsa asiri, ina amfaninsa?

Zazzaɓi ya sauka. Ya kwashe ƙanzo kaf.

Asabar, 30 ga Maris, da la’asar

Na ɗauki kwalin ashana na shiga gidan Khadija. Ban ce mata komai kan asibiti ba. Na dai zauna na ce, “Zo ki ga abin da aka girbe a gidanmu.” Matan gidan suka taru. Na ba su labari, na ƙara gishiri inda ya dace: hurawa uku ta zama bakwai, mage ta zama biyu. Amma benci huɗu da ba kowa, da ƙofar da ke nesa da tantuna, da yaro mai cin rake, waɗannan ban ƙara ban rage ba.

Da aka gama dariya na ce a kwance tsumman in gani. Aka kwance. Ba wanda ya ƙara dariya.

Khadija ta ce, “Ban san hanya ba, Inna.”

Na ce, “Ni na san ta, har da inda ba a bi.”

Sista Hafsatu ta wanke ƙafar, yarinya na ihu, uwar na kuka, ni ina ba da labarin Na-Kwance da ƙarfi don in rufe su duka. Ta ce ƙafar za ta tsira. Tabo dai zai zauna.

Laraba, 3 ga Afrilu, da azahar

Yara biyu muka kai yau. Mai hannu a kumbure tun sati, da wadda ta haɗiye kwabo. Bala ne ya kai mu da motarsa, yana ta gunaguni, ya tsaya can nesa ya toshe hanci da hula. Amma ya kai.

Litinin, 8 ga Afrilu, da safe

Yau ɗan mai gyaran keke muka kai, Lukuman. Wannan ba wake ba ne. An jefa alawa, bai bi ta ba. An wuce da shi can tantuna.

Ban yi tatsuniya ba yau.

Talata, 16 ga Afrilu, bayan la’asar

Lukuman ya dawo gida! Da ƙafarsa, ya rame kamar sillen kara, kunne ɗaya ba ya ji sosai. Uwarsa ta aiko mini da fura. Mahadi ya hau katanga ya leƙa shi, ya sauko ya tsaya gabana ya riƙe ƙugu.

“Ba shi da gemu.”

“To?”

“Ƙarya kika yi.”

Na ce na yi. Ya ce zai sake ni. Na ce sai ya fara kai lefe kafin ya yi saki.

Juma’a, 26 ga Afrilu, da hantsi

Har daga Sabon Gari wata ta aiko a tambayi “Inna Mai Wake” wace ƙofa ake bi. Sunan da zan mutu da shi ke nan, bayan duk kyawuna. Sista Hafsatu ta ce magen ta rasa wurin barci, in zo in nema mata wani. Kwana biyar ba a wuce ta ƙofarmu da salati ba. An fara kwance tanti ɗaya.

Jibi Babbar Sallah. Akuyar Hanatu ta tsira, rago aka saya.

Alhamis, 9 ga Mayu, da la’asar

Ruwa! Ruwan farko! Tsofaffi sun ce abin nan ba ya jure ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, Allah ya sa. Bala ya ɗage doka, yara suka fita tsirara suna tsalle a kwata. Ni ma na tsaya tsakar gida har ɗankwali ya jiƙe.

Mahadi ya karɓi wakensa, ya shuka a fasasshen kasko gefen randa. Na duba kafin ya binne. Ya bushe ya yi baƙi, wutsiyar ta karye tun yawon gidaje. Wannan ko a Bilbis ba zai tashi ba.

Laraba, 15 ga Mayu, da safe

Ihunsa ya tashe mu. Ganye biyu, kore shar, a cikin kasko. Ya jawo ni da zane, ya jawo ubansa, ya kira Lukuman ta kunnen da ke ji. Ya tsuguna ya duƙar da kai yana kallo, haɓa a ƙirji, ba wanda ya sa shi.

“Inna,” in ji shi, “ƙasa ta fi hanci.”

Na ce ai kuwa.

Suwaiba ta dubi kasko, ta dubi tuluna da sabuwar laka a baki, ta dubi tokar da ke bakin zanena tun ran Juma’a. Ta ɗauki tsintsiya ta wuce tana murmushi.

Wannan ita ce ƙaryata ta ƙarshe, na yi alkawari. Ta bana.